Danshin da ke cin gindin gidaje a Sakkwato: daga ina yake fitowa, yaya ake maganinsa, kuma alhakin wa ne?

Wanda ya bi lungunan Minanata, ko Mabera, ko Gagi a watan Maris, bayan an shafe wata biyar ba a ga ɗigon ruwan sama ba, zai ci karo da katangu masu wata alama iri ɗaya. Wani layi mai kama da shatar ruwa ya ratsa bango daga wannan kusurwa zuwa waccan, tsayinsa daga gwiwa zuwa ƙugu. Ƙasan layin fenti ya kumbura ya ɓare, filasta tana zuba kamar gari, wata farar ƙura mai kama da kanwa ta lulluɓe bulo. Saman layin kuwa bango lafiya lau. Magina kan ce gishiri ne ya kama ginin, wasu su ce sanyi ne.

Abin da mai gida ya saba yi sananne ne: ya kankare, ya sake filasta, ya shafa fenti ana gab da Sallah ko bikin ɗiya, damina ta zagayo, ɓarnar ta dawo. Dalili kuwa shi ne ruwan da ya haddasa ta yana nan inda yake, a ƙarƙashin daɓe da kewayen harsashin gini. Wani ɓangare na wannan ruwa daga cikin gidan yake fitowa, kuma mai gida na iya maganinsa. Wani ɓangaren daga titi da kwata yake zuwa, wanda kuma aikin hukuma ne.

Abin da ke ƙarƙashin daɓe

A Amurka da wasu ƙasashen Turai akan ɗaga daɓen gida a kan katako, a bar wani fili a ƙarƙashinsa wanda mutum sai da rarrafe yake shiga. Can ake bi da bututun ruwa da wayoyin lantarki, can ne kuma danshi ke taruwa, shi ya sa suke shimfiɗa leda mai kauri a kan ƙasar wurin. Gidajenmu ba su da irin wannan fili. Ana haƙa fandisho, a jera bulo zuwa wani tsayi, a yi ciko da jar ƙasa ko marmara, a daddale, sannan a zuba daɓe a kai. Ke nan daɓen ɗaki da gindin bango suna zaune kai tsaye a kan ƙasa, duk laimar da ƙasar ta riƙe kuma tana da hanyar isa gare su. Mai gida a Amurka yana iya leƙawa da tocila ya ga matsalarsa. Namu ba ya ganin komai sai ta bayyana a bango.

Yadda ruwa ke hawa bango

Bulo da filasta da tubalin ƙasa cike suke da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Idan gindinsu ya taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai su riƙa zuƙar ruwa zuwa sama, kamar yadda lagwani ke jan kananzir a fitilar ƙwai, ko yadda shayi ke hawa ƙwayar sukari idan an tsoma gefenta. Ruwan yana hawa har inda nauyinsa da bushewar da iska ke yi suka tsayar da shi, wanda galibi bai cika wuce mita ɗaya ba. Wannan shi ne layin da ake gani.

Ruwan ba ya tafiya shi kaɗai. Yana ɗauke da gishirin da ya narke daga ƙasa, daga yashin da aka buga bulo da shi, daga ruwan kwata, har da fitsarin dabbobin da aka ɗaure a jikin katanga. Idan ruwan ya bushe, gishirin ya tsaya. Yana daskarewa a cikin ƙofofin filasta, yana girma, yana tura ta daga ciki har ta farfashe. A nan yanayin Sakkwato ke taka rawa. Ruwan da ake samu a matsakaiciyar shekara bai wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba, ya fi yawa a Agusta. Daga nan sai hunturu mai busasshiyar iska, sai bazara da zafinta ke haura digiri 40. Ƙasa ta sha ruwa na wata huɗu, bango ya yi wata takwas yana fitar da shi. Shi ya sa ɓarnar da damina ta shuka sai da rani ake girbe ta, mutane kuma su yi ta mamakin yadda bango ke ruɓewa alhali ba a ruwa.

Daga ina ruwan yake?

Babu amfanin sayen buhun siminti ko ɗaya kafin a amsa wannan tambaya.

Wanda aka fi rainawa shi ne ruwan rufi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Gida mai rufin murabba'in mita 100, idan aka tafka ruwan milimita 50 a dare guda, ya zubar da lita 5,000, wato duro 25 na lita 200. A shekara lissafin ya haura lita 60,000. Gidaje da yawa ba su da mazurari a bakin kwano, wasu kuma indararonsu gajere ne, don haka duk wannan ruwa a gindin bango yake sauka, ya fantsama a jikinsa, sauran ya nutse kusa da fandisho. Gine-ginen da ake ɓoye kwanonsu a bayan rawanin bulo, waɗanda suka zama yayi, suna da tasu matsalar: mazurarin da ke ɓoye yakan toshe da ƙura da leda a lokacin rani, ruwan farko ya rasa mafita ya bi bango ya sauko.

Sai ruwan da gidan kansa ke zubarwa kullum, na wanka da wanki da alwala da wanke-wanke. Idan kwatar tsakar gida ta bi jikin katanga kuma ta tsage, gindin wannan katanga ba zai taɓa bushewa ba, rani da damina. Haka bututun famfo da aka binne a cikin bango ko ƙarƙashin daɓe idan ya fara yoyo. Alamarsa ita ce danshi a wuri guda, kusa da banɗaki ko kicin, wanda ba ruwansa da lokacin shekara.

Sokawe da masai su ne na uku. Ƙa'idar da masana gini suka saba bayarwa ita ce a nisanta ramin sokawe da gini da kamar mita 5, a nisanta shi da rijiyar sha da kamar mita 30. A filin ƙafa 50 sau 50, wanda kowane gefensa mita 15 ne kacal, wannan ƙa'ida ba ta da wurin zama, balle a filin da gado ya raba gida huɗu. Sau da yawa sokawen wani yana manne da bangon ɗakin kwanan maƙwabcinsa. Rigingimun maƙwabtaka da dama da ke kaiwa gaban mai unguwa daga nan suke tasowa.

Na huɗu shi ne titi. Gidan da aka gina shekara 30 da suka wuce yana sama da hanya, yau yana iya kasancewa ƙasa da ita, saboda cikon da ake yi duk lokacin da aka gyara titi, da wanda kowane maƙwabci ke yi a ƙofarsa don ya ture ruwa gaba. Wanda ya fi kowa ƙarancin hali shi ke zama tafkin layin. Idan aka ga gida ana sauka matakala kafin a shiga zaurensa, akwai yiwuwar hanyar ce ta taso ta bar shi.

Dukkan waɗannan daban suke da ambaliya irin ta watan Satumbar 2010, lokacin da kogin Rima ya tumbatsa ya yanke hanyar da ta haɗa birni da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Ambaliya tana zuwa da hayaniya, a kawo kyamarori da buhunan tallafi. Danshi a hankali yake aikinsa, ba ya shiga labarai sai ranar da katanga ta faɗi.

Gwajin leda

Akwai hanya mai sauƙi ta bambance danshin da ke fitowa daga cikin gini da raɓar da ke sauka a kansa. A yanko leda mai haske, faɗinta kamar taku ɗaya kowane gefe, a manna ta a bango ko daɓe, a like gefunan huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. A bar ta kwana biyu. Idan ruwa ya taru a ƙarƙashinta, daga ginin yake fitowa. Idan a samanta ya taru, tururin ɗaki ne, irin wanda ake samu a ɗakin da ake rufewa ruf da damina, ko ake shanya a ciki, maganinsa kuma taga da iska. Danshin da ya faro daga silin ya gangaro, wannan na rufi ne. Wanda ake zargin bututu da shi, a rufe ruwan tanki na mako guda a ga ko zai ja baya.

Abin da maginan da suka sani

Maginan gargajiya na ƙasar Hausa ba su san leda ba, amma sun san ruwa. Sukan fara gini da dutse inda ƙasa ke da laima, su yi gindin bango da kauri ya riƙa sirancewa zuwa sama, su fitar da indararo mai tsawo don ruwan soro ya faɗi nesa da gini. Dakalin da ake yi a jikin katangar waje, wanda dattawa ke zama a kai da yamma, garkuwa ce ga gindin bango daga ruwa da zaizaya. Sukan yi daɓe da yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, su shafe soro da laso, haɗin katsin marina da gashin majema da dafara. Sama da duka, akwai yaɓen shekara-shekara kafin ruwa ya sauka. Ginin ƙasa yana shan laima ya kuma fitar da ita, muddin an bar shi yana numfashi.

Siminti ya sauya wannan lissafi. Masana'antar Kalambaina, wadda aka kafa kamfaninta a 1962 ta fara aiki a 1967, yau kuma take hannun BUA, ta sa siminti ya zama ɗan gida a Sakkwato, kuma babu mai musun alherinsa. Sai dai shafa filastar siminti a kan katangar ƙasa, wanda ake yi don a huta da yaɓe, sau da yawa gudun gara ne a faɗa gidan zago. Simintin ba ya kama ƙasa da kyau, yana tsagewa, ruwa ya shiga ta tsagar, ya kasa fita. Daga waje bango sumul, daga ciki ƙasar ta zama taɓo. Irin wannan katanga ce ke rushewa da tsakar dare a watan Agusta ba tare da ta yi gargaɗi ba. Wanda ya ƙwanƙwasa filastar ya ji tana amo kamar ganga, ya san ta rabu da bangon.

Manna tayil a rabin bango, wanda ya zama ruwan dare a falo da shaguna da masallatai, shi ma ɓoye ciwo ne. Ruwan da aka toshe wa mafita sai ya ƙara hawa ya ɓullo a saman tayil ɗin, ko ya koma ta ɗaya fuskar, wadda wani lokaci ɗakin maƙwabci ce.

Ranar da ake yanke hukunci: fandisho

Mafi arhar maganin danshi yana hannun wanda bai gama gini ba. Ana shimfiɗa abin da ruwa ba ya ratsawa, leda mai kauri ko shimfiɗar kwalta, a kan layin bulo na fandisho, aƙalla santimita 15 sama da ƙasar waje. Wannan shi ne abin da injiniyoyi ke kira DPC. A Ingila tun shekarun 1870 dokokin gini suka fara wajabta shi. Haka kuma ana shimfiɗa leda a kan cikon ɗaki gaba ɗaya, a ɗora gefen wata a kan wata, a haɗa ta da ta bangon, kafin a zuba kankaren da magina ke kira jaman fulo.

A nan akwai ruɗani da ya kamata a warware. A bakin magina da yawa, "an kai DPC" yana nufin gini ya kai tsayin da za a yi ciko, ko an zuba siririn kankare a kan bulo. Kankare shi kaɗai yana rage hawan ruwa, amma ba ya tsayar da shi, balle wanda aka yi wa rowar siminti. Mai gini ya tambaya, ya kuma tsaya ya ga ledar da idonsa a ranar. Kuɗinta ɗan kaɗan ne idan aka gwama da kuɗin ƙofar ƙarfe ɗaya, amma ita ce abin da aka fi saurin tsallakewa, domin babu baƙon da zai taɓa ganinta ya yaba.

Sai ingancin bulo. Ma'aunin NIS 87 na Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ya gindaya ƙarfin da bulo zai kai, ya kuma iyakance ruwan da zai sha da kashi 12 cikin 100 na nauyinsa. Kowa na iya gwada wannan da sikeli. A auna busasshen bulo, a nutsar da shi a ruwa awa 24, a sake aunawa. Idan yana kilo 20 a bushe, bai kamata ya wuce kilo 22.4 ba. Tsadar siminti ta sa masu buga bulo da dama suna tatsar buhu ɗaya fiye da ƙima, suna kuma sayarwa kafin a gama ba shi ruwa. Bulon da gefensa ke marmashewa da yatsa soso ne, a fandisho kuma ya fi ko'ina illa.

Idan gidan ya riga ya tsaya

A fara da waje, a kuma fara da mai arha. A sa mazurari a bakin kwano, a sauke ruwan da bututu zuwa kwata ko tanki. A gyara kwatar da ta tsage, a janye ta daga jikin bango. A kwashe ƙasa da yashi da tarkacen da aka jibge a gindin katanga, domin ko da akwai leda a fandisho, tulin ƙasar da ya haura ta gada ce ga ruwa. A zuba siminti mai faɗin kamar mita ɗaya kewaye da ginin, ya karkata zuwa waje, wato dai dakalin kakanni a sabuwar siga. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce ƙasa ta gangara da santimita 15 a cikin mita 3 na farko daga bango. Inda ƙasa ke riƙe ruwa sosai, a haƙa siririn rami nesa kaɗan da fandisho, a shimfiɗa bututu mai huji-huji, a cika da tsakuwa, a ba shi mafita zuwa wuri mai gangare. A gidaje masu yawa waɗannan kaɗai sun isa.

Bayan an tare ruwa sai a koma kan bango. A fasa filastar da ta lalace har kamar santimita 30 sama da layin danshi, a goge gishirin da busasshen buroshi. Kada a wanke shi da ruwa, domin narkewa zai yi ya koma ciki. A bar bulon tsirara ya sha iska watanni. Lokacin wannan aiki shi ne daga Nuwamba, yadda hunturu da bazara za su yi busarwar kyauta, a yi sabuwar filasta da yashi mai tsabta kafin Yuni. Fentin mai da ke toshe bango bai dace da wurin ba.

Idan duk da haka danshin ya ci gaba, akan yanka bango a kwance, kaɗan-kaɗan, kamar mita ɗaya a lokaci guda, a zura leda ko kwalta, a cike, a jira ya kama kafin a matsa gaba. Aiki ne na ƙwararru, wanda ya yi gaggawa a cikinsa zai iya sauke ɗaki. Akwai kuma sinadarin da ake ɗurawa ta huji a layin siminti, amma ya fi aiki a bangon da ba shi da rami, bulonmu kuwa mai rami ne.

Akwai alamun da ba a jira da su: tsagar da ke ƙara faɗi, katangar da ta karkata ko ta yi ciki, gindin bangon ƙasa da ya zaizaye ya yi kogo, ƙofar da ta daina rufuwa bayan an yi ruwa. A fitar da masu kwana a ɗakin tukuna, sannan a nemi magini. Soket ɗin lantarki da ke cikin layin danshi kuma a kashe shi.

Lafiyar mazauna

A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora na musamman kan danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta danganta su da ƙaruwar tari, da cututtukan numfashi, da tashin asma. Yara da tsofaffi sun fi shan wahala, musamman masu kwana a kan tabarma ko katifar da ke ƙasa, hancinsu dab da bango. Laima tana kuma gayyato gara, ta lalata hatsin da aka jingine. A Ingila, mutuwar wani yaro ɗan shekara biyu a garin Rochdale a Disambar 2020, wadda bincike ya tabbatar fumfunar gidan hayarsu ce sanadi, ta haifar da Dokar Awaab a 2023, wadda ta ɗora wa masu gidajen hayar jama'a wa'adin bincike da gyara. Ɗan haya a Sakkwato abin da yake da shi shi ne abin da aka rubuta a yarjejeniya, in an rubuta. Mai neman haya ya fi kyau ya duba gida a Agusta, ya ja labule, ya leƙa bayan kujeru, ya yi hattara da sabon fentin da ya tsaya a rabin bango.

Alhakin wa ne?

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa gina magudanun ruwa da kula da su, da kwashe shara da ƙazantar ruwa, a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Minanata tana ƙarƙashin Sakkwato ta Kudu. Shekaru da dama uzurin ƙananan hukumomi shi ne kuɗinsu yana maƙale a asusun haɗin gwiwa da jiha. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan su kasonsu kai tsaye. Ko hukuncin yana aiki a ƙasa ko ba ya yi, tambaya ce da ya dace a yi wa shugaban ƙaramar hukuma da kansila, tare da wata: nawa aka ware wa magudanun ruwa a kasafin bana, kuma a wane layi?

Amincewa da taswirar gini da hana gini a kan hanyar ruwa aikin Hukumar Tsara Birane ta jiha ne. Nijeriya tana da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa tun 2006, amma ƙarfinsa ya dogara ga jihohi su mayar da shi doka su kuma aiwatar, mafi yawan gidajen unguwanni kuwa ana gina su ba tare da wani jami'i ya leƙa fandishonsu ba. Sa ido kan masu buga bulo yana wuyan SON. Kwangilar titi kuma, ko ta jiha ce ko ta mazaɓa, idan ta ɗaga hanya sama da ƙofofin mutane ba tare da lambatu mai mafita ba, ta kwashe ruwan jama'a ne ta zuba a ɗakunansu. Lokacin yin magana shi ne sa'ad da ake zuba ciko, kafin a malala kwalta, kuma gara a yi ta a rubuce da sa hannun mazauna layin.

Jama'a ma suna da nasu kason. Lambatun da aka cika da ledar fiya wata da sharar gida ruwansa ba ya ɓacewa, yana kwanciya ne ya nutse a ƙarƙashin gidajen da ke gefensa. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da ƙiyasin lokacin da ruwa zai sauka a kowace jiha. Ƙungiyoyin matasan unguwa da ke aikin gayyar yashe kwata za su fi cin riba idan suka yi shi a watan Mayu, suka kuma tanadi motar da za ta kwashe abin da aka fitar a ranar, domin tulin da aka bari a bakin lambatu ruwan farko ne ke mayar da shi ciki.